Kwallin Labo da Kwatar Hajiya Dudu

Jiya da na kara maganaɗisu a jikin kwalba, ruwan da yake baƙi wuluk ya washe nan take, sai na ji ɗaya daga cikinku, ku 'yan istaj da jami'a ta turo mana koyon aiki, ya ce wa na kusa da shi, "Ashe shi ke nan aikin?" Ban waiwaya ba, don kada in gane mai maganar in riƙe shi a rai. Amma tunda yau babu wuta, injin girgiza ya tsaya, ku jawo kujeru ku zauna in ba ku labarin abin da ke bayan wannan washewar.

Ni dai ba dokta ba ne, kun sani. Salihu sunana, ɗan mahauci daga unguwar Rumde Ajiya. Kakana fataucin shanu ne ya kawo shi Garwa daga ƙasar Katsina, ya zauna, aka haifi babana a nan. Na yi lise, wato sakandare, amma ban samu bak ba, takardar kammalawa ke nan, sai na koma mahauta ina taya babana fiɗa da wankin tumbi. A can Madam Rebeka ta same ni. 'Yar garin Kayele ce, ta dawo daga karatu a waje, ta kama ɗaki biyu a bayan wani kanti ta ce labo ne, wato ɗakin gwaje-gwaje. Wata safiya muka gan ta tsugune a bakin kwatar mahauta da takalmin roba, tana ɗibar laka a ƙananan kwalabe. Mahauta suka yi ta dariya da Fulatanci da Hausa, wani ya ce ko miya za ta yi. Ni kuwa na je na tambaye ta abin da take nema a cikin ƙazanta. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ma'aikata nake nema. Gobe ka zo in nuna maka su."

Washegari na je. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ta sa a madubin da ke ƙara girman abu, ta ce in leƙa. Na ga wasu 'yan tsinkaye suna kai da kawowa kamar kasuwa ta cika. Na fi minti goma ban ɗago ba. Da na ɗago ta ce, "Kana da haƙurin kallo. Sauran zan koya maka." Babana bai so ba da farko, amma da ya ji har can ma wanki da tsabta ne tushen aikin, sai ya ce in tafi, Allah Ya sa albarka.

Sana'ar a taƙaice ga ta. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke cin launin rini da maiƙon da ke cikin ruwan datti. In ka zuba su a ruwan za su cinye, amma kana zubar da ruwan sai su bi shi su tafi, gobe kuma ka sake kiwon wasu daga farko. Dabarar ita ce a manna musu garin ƙarfe mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa ɗaya. In sun gama aiki sai a kara maganaɗisu, ya jawo garin, garin ya jawo su, a tsiyaye ruwa mai tsabta, su kuma su zauna jiran ruwan gobe. A littattafanku garin yana da dogon suna na Faransanci. Mu a nan kwalli muke ce masa, don baƙinsa da laushinsa.

Kwallin farko da na haɗa da hannuna sai da na shekara a labo kafin Madam ta bari. Gishirin ƙarfe iri biyu ake narkawa, ɗaya rawaya, ɗaya mai ɗan kore. Ruwan ma sai an tafasa shi an kore iskar da ke cikinsa. Sannan a riƙa ɗiga sinadarin amoniyak kaɗan-kaɗan ana juyawa, warinsa yana sa idonka hawaye. In ka yi daidai, ruwan zai tashi daga launin shayi ya koma baƙi mai sheƙi. Ni kuwa rannan na ƙosa, na tuttula amoniyak ɗin, abin ya dunƙule kamar kunun da ya yi gudaji. Na sake, wannan karon na bar kwalbar a buɗe, iska ta shiga, ya fito ja-ja kamar tsatsa, maganaɗisu yana kiransa yana zuwa da ƙyar. Sau shida ina ɓatawa. Madam ba ta yi faɗa ba. A na bakwai ta zo ta tsaya a bayana, ta dafa hannuna da ke riƙe da sandar juyi, ta ce, "Dusuma, Saliyu, a hankali. Da wuyan hannu, ba da kafaɗa ba. Ba tuwo kake tuƙawa ba." Haka ta riƙe hannun har ruwan ya yi baƙi. Daga ranar hannuna ya gane.

Bayan haɗawa kuma sai wanki. A kara maganaɗisu, a tsiyaye, a zuba ruwa mai kyau, a sake, har takardar gwaji ta nuna babu sauran kaifin amoniyak. Wanda ya yi ha'inci a nan ya kashe ƙwayoyinsa tun kafin su fara aiki. Shafa musu kwallin ma da ma'auni. In ya yi kaɗan, rabinsu za su sulale su bi ruwa. In ya yi yawa, ka lulluɓe su, abinci ba ya kai musu, za ka ga kwalba tana amsa maganaɗisu da kyau amma launin rini yana nan daram. Na ga masu digiri sun ruɗu da wannan. Suna murna abu yana gudu zuwa bango, ba su san gawa suke ja ba.

Maganaɗisunmu na farko daga tsofaffin lasifika muka ciro su. Akwai wani mai gyaran rediyo a kasuwa da ke ajiye mana duk wadda ta fashe. Daga baya muka samu masu ƙarfi, irin waɗannan masu ƙyalli da ke cikin akwatin katako. Kun ga wannan farcen na ɗan yatsana da ya fito a karkace? Biyu daga cikinsu ne suka haɗu da yatsan a tsakani. Shi ya sa nake ce muku ku cire agogo, ku ajiye makullai a bakin ƙofa, kuma kada mutum ya riƙe guda biyu a lokaci ɗaya.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Wani majemi daga Mayo-Ulo ya yi ta kawo mana ruwan jima a jarka, mai warin da ke korar maƙwabta, muka yi wata biyu kafin ƙwayoyin su saba da shi. Wani ɗan kasuwa daga Kuseri ya zo da babbar riga, ya kira ni gefe ya ce ya ji muna da ƙarfen da ke tsamo zinariya daga yashi. Na ce masa zinariya ba ta amsa maganaɗisu. Ya ce to ko a sayar masa da kwallin ya sha, an ce yana ƙara jini. Da ƙyar muka rabu.

Amma wadda ta fi daɗewa da mu ita ce Hajiya Dudu mai rinin shadda, a unguwarmu ta Rumde Ajiya. Tun ina yaro na san ta, ƙawar innata ce, ɗana take ce min. Mata goma sha wani abu ne ke aiki a gidanta, wasu zawarawa, wasu mazajensu ba su da ƙarfi. Ruwan rininta yana bin kwata ja da shuɗi, har rijiyar maƙwabta ta fara canza launi, aka kai ƙara wurin duba-gari. Mu muka kafa mata duro biyu a bayan gida. A na farko ake rage kaifin sodar da ke cikin ruwan, don in ba a rage ba ƙwayoyin ba sa kwana. A na biyu suke cin launin. In ya washe, a jingina allon maganaɗisu a jikin duron roba, a buɗe famfo. Ita da kanta ta koyi jingina allon. Takan tsaya tana kallon ruwan yana fita fari, ta ce, "Ɗana, waɗannan bayin Allah ba sa gajiya?" In ce suna gajiya, Hajiya, shi ya sa nake zuwa duk mako biyu in canza su.

To, shekarar da ta yi mana tsanani ta fara ne da ciwon Madam. Wata ranar Talata tana cikin rubutu alƙalami ya faɗi daga hannunta, bakinta ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan an sallame ta daga asibiti ƙanwarta ta ɗauke ta zuwa gidanta a can hayin gada. Da na je gaishe ta, magana ba ta fita sosai, sai ta sa aka miƙo min makullan labo.

Bazarar shekarar kuwa ba a magana. Ruwan madatsar da ke ba mu wuta ya ja baya, aka shiga raba wuta unguwa-unguwa, wani lokaci kwana biyu babu. Muna da ɗan gurup, janaretan da ke riƙe mana firigo, wato firiji, kuma a cikin firigon nan iri yake, wato asalin ƙwayoyin da Madam ta tsamo ta tace shekara da shekaru, waɗanda daga su muke ɗiba mu hayayyafa. Hutun Sallah ya zo, na cika wa gurup mai, na kulle, na tafi taya 'yan'uwana yankan layya. Kwana biyu ban leƙo ba. Da safen na uku na buɗe ƙofa, zafi ya buge ni, warin wayar da ta ƙone ya biyo baya. Gurup ya ƙone tun ranar farko. Na buɗe firigo, ruwa ya zubo min a ƙafa. Ƙananan kwalaben iri duk sun narke sun yi ɗumi. Waɗanda ke kan tebur kuwa zafin ɗakin ya dafa su.

Na yi mako guda ina gwada tayar da su. Na dafa musu abinci sabo, na shuka kowace kwalba a faranti. Abin da ya tsiro fumfuna ne da wasu baƙin ƙwayoyi da ba su san rini ba. Na ruga gidan Hajiya in ɗebo na cikin duronta, sai na tarar a cikin hutun wata sabuwar ma'aikaciya ta juye ruwan soda kai tsaye a duro na biyu. Su ma sun tafi.

Ban gaya wa Madam ba. Ina zuwa duk Juma'a da yamma in gaishe ta, ta tambaye ni da ido, in ce lafiya lau.

Hajiya kam dole na gaya mata, don duba-gari sun riga sun ce mata duk ranar da ruwa mai launi ya sake bin kwata za su rufe gidan. Na same ta a tsakar gida tana duba shaddar da aka shanya. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da kwana biyun da ban leƙa labo ba. Ta dubi matan da ke bugun shadda a rumfa.

"Babu inda za a sayo wasu?" ta ce.

"Ba a sayar da irinsu, Hajiya. Madam ce ta rene su a kan ruwan garin nan."

"To tashi, ɗana, durƙuso ba zai dawo da su ba. Za mu tara ruwan a jarkoki mu ga iya kwanakin da za mu iya." Har na kai zaure sai ta kira ni. "Zo. Ka tuna bara da duro ya kife maka a bayan katanga?"

Na tuna sarai. Ina canza ƙwayoyi duron ya zame, rabin abin da ke ciki ya malale a wani ɗan kwari a gindin dalbejiya, inda ruwan wanke hannun masu rini ke taruwa.

Ta ce, "Ni dai ban san aikinku ba. Amma tun daga lokacin, ruwan wurin nan ba ya riƙe launi. Da yamma ja ne, da safe ka gan shi kamar ruwan wanke shinkafa. Na daɗe ina lura, na ɗauka ƙasa ce ke shanyewa."

Nan take na hau mashin na koma labo, na ɗauko maganaɗisu mai ƙarfi, na sa shi a leda biyu, na ɗaure da igiya. Na dawo na tuɓe takalmi, na naɗe wando, na shiga kwarin nan. Inuwar dalbejiya ta sa lakar ta yi sanyi duk da zafin gari. Na riƙa jan ledar a hankali cikin laka, daga wannan gefe zuwa wancan. Matan suka bar bugu suka zo suka kewaye ni. Wata ta ce da Fulatanci, Malam Salihu ya koma kamun kifi. Da na ɗago, ƙusoshi biyu ne da marfin kwalba. Na cire su na sake. A karo na huɗu ledar ta fito da wani baƙin gemu siriri a jikinta, yana tsaye tsaye kamar gashin buroshi. Kwallinmu ne. Na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Na juye ledar a cikin kwalba mai tsabta, na zare maganaɗisun, garin ya zube. Hajiya tana tsaye a kaina tana ta cewa, "Su ne? Ɗana, su ne?" Na ce kwallin dai namu ne, ko akwai mai rai a jikinsa sai Allah.

Aikin da ya biyo baya shi ne mafi wuya da na taɓa yi, kuma babu mai dafa min hannu. Shekara guda a cikin laka, kowane irin ƙwaro ya hau kwallin nan. Sai an raba su ɗaya-ɗaya. Babu wuta, don haka a kan gawayi na riƙa turara farantai da kwalabe a tukunyar kokot, mai murfin da ke riƙe tururi. Don kada zafi ya sake kashe su, na sayo randa biyu, ƙarama a cikin babba, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, na jera farantan a ciki na rufe da buhu mai laima. Sau uku a rana nake yayyafa ruwa. Duk ɗigon da ya tsiro a faranti, in ɗauke shi da bakin waya in sa a kwalbarsa daban da ɗan jan rini. Kwalba ashirin da huɗu na jera. A can gidan Hajiya kuwa jarkoki suna ta cika, har ta rage rini zuwa kwana biyu a mako, kuma ba ta sallami ko mace ɗaya ba.

Kwana goma sha ɗaya babu abin da ya motsa. A na sha biyu da safe na ɗaga buhu, na ga kwalba ta goma sha bakwai ta koma ruwan hoda. Zuwa la'asar ta yi fari. Na ƙara mata rini, ta cinye. Na hayayyafa su, na haɗa sabon kwalli, na shafa musu, na kai duron Hajiya. Abin da ya ba ni mamaki, sun fi na da jure zafi da kaifin soda. Zaman da suka yi a kwarin nan ya horar da su. Cikin mako uku muka gama da jarkokin da aka tara.

Sai a lokacin na ɗauki kwalba ɗaya da ƙaramin maganaɗisu na tafi hayin gada. Na sami Madam a kan kujera a baranda, an rufa mata zane a ƙafa, bakinta ya ɗan saki. Na zauna a ƙasa kusa da ita na ba ta labari tun daga gurup har zuwa randa, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, kalma ɗaya-ɗaya, "Na sani. Tun Sallah."

Na ce, "Wa ya gaya miki, Madam?"

"Rigarka. Ka daina warinsu."

Ta miƙo hannun hagu, wanda ke aiki, na buɗe kwalbar na ba ta. Ta kai hanci ta shaƙa, ta lumshe ido. Na riƙe mata kwalbar, ita ta kara maganaɗisun da kanta. Baƙin ya taru a gefe, ruwan ya washe, hasken yamma ya ratsa shi. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya gano wurin?" ta ce.

"Hajiya Dudu."

"Ba kai ba?"

"Ni na shiga lakar. Ita ta lura."

Ta gyaɗa kai. Ta sa ƙanwarta ta kawo alƙalami da 'yar takardar mannawa, ta ce in rubuta sunan irin. Na fara rubuta lambar da muke sa wa na da, ta girgiza kai. "Wancan ya mutu. Wannan sabo ne. Sa sunanta."

Madam ba ta sake dawowa labo ba. Ta koma Kayele wurin danginta, bayan shekara biyu aka aiko mana ta rasu. Na je jana'izarta, na tsaya a bayan cocin tare da Hajiya, wadda ta rina zanen da aka lulluɓe akwatin da shi.

Ku buɗe firigon nan in wuta ta dawo, ku duba kwalaben da ke layin sama. Za ku ga an rubuta DUDU da manyan baƙaƙe. Wata 'yar istaj ta taɓa cika shafi guda tana neman kalmomin Faransancin da aka taƙaita. Hajiya tana nan da ranta, ta tsufa, 'yarta ce ke riƙe da rinin yanzu. Ranar da na kai mata kwalbar na nuna mata rubutun, ba ta iya karatun boko ba, sai ta sa yatsa tana bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Wannan duka ni ce?" Na ce ke ce, Hajiya. Ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "To ka riƙa ba su abinci a kan lokaci, ɗana. Kada a ce masu sunana suna kwana da yunwa."